Idan Ka Sauka Wurin Amininka a Alƙahira

Shekara huɗu na yi a Alƙahira, a Hayyul Ashir da ke Madinat Nasr, kuma baƙin da suka kwana a ɗakina ba su ƙirguwa da yatsun hannu. Kowa kan sauko daga jirgi da dogon buri: dalar Giza, Azhar, kogin Nilu, kasuwa, duk cikin kwana biyar. Abin da baƙo ke mantawa shi ne mai masaukinsa ɗalibi ne, yana da darasi da safe, kuɗin watansa kuma a ƙirge suke. Kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba. Ni kaina na taɓa asarar karatun mako guda saboda wani aminina da muka tashi tare a Zariya. Da ya tafi, sai da na yi kwana goma ina cin ful, wato dafaffen wake, da burodi.

Saboda haka tun daren farko ka ce masa, "Mutumina, nuna mini kwanakin da ba ka da karatu." Hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne. Fitar da ke buƙatar ɗan gari, a ajiye ta zuwa ranakun nan, sauran kuwa ka koyi fita da ƙafarka.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metro, shi zai fisshe ka. An buɗe shi a 1987, yana da arha, kuma cunkoson titi bai shafe shi ba. Akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgi, namiji ya duba alama kafin ya faɗa ciki. Ka sauka a tashar Mar Girgis, 'yar tafiya kaɗan ga masallacin Amru ɗan Asi, wanda aka fara ginawa a Masar bayan shigowar Musulunci. In ƙaramar bas ka shiga, ka ce wa direba "ala gamb ya usta" in za ka sauka. Larabcin Islamiyya zai kai ka wani wuri, amma ka saba da jin "gim" a inda ka san "jim".

Giza kam, kada ka je kai kaɗai karon farko. Ku yi sammako kafin rana ta take. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta kai kusan mita 146 lokacin da aka gina ta, yau fiye da shekara 4,500, kuma sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai maka ƙirji sannan za ka gane hoto bai gaya maka komai ba. Matsalar ita ce masu raƙuma. A gabana wani ya naɗa wa baƙona rawani yana dariya, yana cewa "Nijeriya, ahsan nas," wato mafi kirkin mutane, ya durƙusar da raƙumi ya ce hoto kawai. Raƙumi ya miƙe, baƙo na sama yana salati, sai ga farashin saukowa ya fito. Ka gama ciniki tun ƙafarka na ƙasa: nawa, da wane kuɗi, zuwa ina, har da dawowa. In ba ka so, "la, shukran" sau ɗaya ya isa, ka ci gaba da tafiyarka. Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada nesa ba kusa ba, kuma manyan wuraren tarihi da dama sai da katin banki ake biya. In katin amininka aka sa, ka mayar masa da kuɗinsa a ranar.

Inda na fi son kai mutum shi ne Azhar, bayan la'asar. An gama ginin masallacin a 972, zamanin Faɗimiyawa. Ka tuɓe takalmi, ka zauna a farin tsakar gidan nan ka kalli ɗalibai daga Malesiya da Senegal da Kano kowa da littafinsa a cinya. Mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar garin nan: Muhammad al-Kashnawi, masanin lissafi ɗan Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741. Daga nan ka tsallaka zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, inda kuɗin farko da aka faɗa maka buɗe baki ne kawai. Ganuwar Salahuddin, wadda aka fara a 1176, ka ba ta ranarta daban.

Ka riƙa yawo da kwafin fasfo, kuma kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko ginin soja.

In kun zauna cin koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas, ka riga shi sa hannu a aljihu. Zai yi maka rantsuwa, ka yi kamar ba ka ji ba. Tsaraba kuwa, bar batun shadda. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin gida, ka ƙulle su da kyau a leda biyu saboda kada daddawa ta kama kayan sawarka.