Yadda Ake Tsara Wasan Barkwancin Talabijin Kan Rayuwar Shakespeare

Fara da giɓin da ke cikin tarihin wannan marubucin wasannin kwaikwayo na Ingila. Tsakanin 1585 da 1592 babu takamaiman bayanin abin da Shakespeare ke yi, don haka nan ne fagen ƙirƙirarka.

Wurare uku sun wadatar: gidan iyalinsa a garin Stratford, masaukinsa a Landan, sai dandalin wasa. Kowane kashi na minti 30 ya ɗauki wasansa ɗaya, a nuna yadda wata rigimar gida ta haifar da shi. A zamaninsa mata ba sa hawa dandali, samari ne ke sa kayan mata su fito a matsayinsu. Wannan kaɗai ya isa kashi guda.

Matsalar da aka fi samu ita ce cusa tsohon Turanci barkatai. Mai kallo sai ya kasa bin zancen, dariya ta ɗauke. Layi biyu a kowace fitowa sun isa.