Yadda Ake Ziyartar Tsibirin Gore na Masu Zane a Senegal

Tsibirin Gore yana cikin Tekun Atlantika, gab da birnin Dakar, kuma tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Yawancin baƙi Gidan Bayi, gidan tarihi na tunawa da cinikin bayi, ne ke kai su, su zagaya shi cikin sa'a guda su koma, alhali tsibirin matattara ce ta masu zane da masu sassaƙa waɗanda ba a sanin aikinsu sai an zauna da su.

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Mayu, kafin damina ta sauka. Mai fasfon Najeriya ko Gana ba ya buƙatar biza, wanda ya fito daga Nijar kuwa ba zai yi canji ba, domin sefa ɗaya ake kashewa. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar ake shiga jirgin fito, tafiyar kimanin minti 20 ce. A riƙe fasfo a hannu, saboda ana dubawa, kuma kuɗin tikitin 'yan Afirka bai kai na sauran baƙi ba. Idan an sauka akwai ɗan harajin shiga. Babu mota a tsibirin, sai tafiyar ƙasa a kan yashi da duwatsu, don haka takalmi marar tsini ya fi.

Ya kamata a bi jirgin safe a fara da Gidan Bayi, wanda aka gina wajejen 1776, tun kafin jama'a su cika shi. Ba a buɗe shi ranar Litinin. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta nan, amma ƙuntatattun ɗakunansa da ƙofar da ke fuskantar teku sun isa su sa mutum ya yi shiru. Tun 1978 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya.

Daga nan sai a kama hanyar da ke hawa tudun Kastel, inda masu zane suke rataye ayyukansu a jikin kuka da bangaye, wasunsu ma sun mayar da tsofaffin ramukan sojoji ɗakunan aiki. A nan ake ganin zanen yashi: mai zanen zai shafa ƙaro a kan katako, ya barbaɗa yashi kala-kala, ya karkaɗe, sai ga siffar mace ɗauke da tulu. Akwai kuma zanen bayan gilashi, wanda Senegal ta yi suna a kai, inda ake fara zana ƙananan layuka kafin a bi da fenti, tunda ta ɗaya fuskar za a kalle shi.

Ba kowane mai sayarwa ne mai zane ba, kuma hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce a nemi wanda aikinsa ke gabansa bai ƙarasa ba, a tambaye shi yadda yake yi. A fara da sallama, domin mutanen Musulmi ne akasari kuma suna girmama gaisuwa. Ciniki halas ne, sai dai bai kyautu a taya aikin mako guda da kuɗin abincin rana ba. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, a kuma riƙe ƙananan kuɗi. Zanen kan yadi ya fi sauƙin ɗauka, tunda ana cire shi daga katako a naɗe. Na gilashi kuwa sai an naɗe shi cikin tufafi a jakar hannu.

Idan Azahar ta yi, akwai tsohon masallacin dutse a gindin tudun, daf da ruwa. Baƙo daga Nijar zai so ya nemi ginin makarantar horar da malamai ta William Ponty, inda Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da marubuci Boubou Hama suka yi karatu kafin a mayar da ita garin Sebikotane, kusa da Dakar. Wanda yake da hali ya kwana a ɗaya daga ƙananan masaukan tsibirin, domin da yamma, bayan 'yan yawon buɗe ido sun watse, masu zanen sun fi samun sukunin hira. Wanda zai koma Dakar kuwa ya tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe tun da ya sauka.