Darasi: Cutar Farin Tabo a Tafkin Jatan Lande

Jatan landen ruwan daɗi, mai hannaye biyu irin na kunama, ana kiwonsa sosai a ƙasar Sin, musamman lardin Hubei, da jihar Luwiziyana ta Amurka. A wuraren nan akan haɗa kiwonsa da noman shinkafa a fadama ɗaya. Ciwon da ya fi tayar wa masu wannan sana'a hankali shi ne cutar farin tabo, wadda ƙwayar bairos ke kawowa.

A 1992 aka fara ganinta a Taiwan, a jikin jatan landen teku. Can takan share tafki kakaf cikin kwana 3 zuwa 10. Daga baya aka gane tana kama ƙaguwa da jatan landen ruwan daɗi ma, kuma a 2007 aka tabbatar ta shiga tafkunan Luwiziyana.

Kada ku tsaya jiran ganin farin tabo a ɓawonsu, domin a na ruwan daɗi sau da yawa ba ya fitowa. Tarko za ku duba. Lafiyayyen jatan lande, da an ɗaga tarko sai ya miƙe hannaye yana neman mintsinin mutum. Wanda ya kamu kuwa jikinsa a sake yake, ba ya iya tafiya, in ya kife ba ya iya juyowa. Za ku ga wasu sun taru a bakin ruwa, wasu sun mutu a cikin tarko. Abin da ya fi ɓata rai, manyan da suka isa sayarwa su ne kan fara mutuwa, ƙanana na ta harkarsu. Cutar ta fi tsanani idan ruwa ya yi ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas.

Yaya take yaɗuwa? Waɗannan halittu suna cin gawar 'yan uwansu, nan ne babbar ƙofa. Ruwan da ya fito daga tafkin da ya kamu yana ɗauke da ita, haka tarko da takalmi da kwale-kwale. Tsuntsu ma yakan ɗauki mushe daga wannan tafki ya yar a wancan. Sanyin firiza ba ya kashe ta, saboda haka kada a kuskura a yi koto da ɗanyen jatan landen teku.

Ba ta da magani. Maganin kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai, wanda ya zuba shi a ruwa asarar kuɗi kawai ya yi. Mutum dai ba ya kamuwa da ita.

Idan kun ga alamun nan, ku tsame matattun kullum ku binne su nesa da ruwa. Kada ku saki ruwan zuwa rafi ko tafkin maƙwabci, kada kuma a kai jatan landen wannan tafki wani wuri. A wanke kayan aiki da sinadarin kulorin, a shanya su a rana su bushe ƙarau. Ido kaɗai ba ya tabbatar da cutar, don ƙarancin iska a ruwa da maganin feshin gona su ma suna kisa haka. Sai a sa waɗanda suka galabaita amma ba su mutu ba a ƙanƙara, a kai wa likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi, a yi gwajin da ake kira PCR.