Yadda ake tsara manhajar salla ga alhazanmu a Makka da Madina

Ka fara da lissafin lokaci, don a nan aka fi yin tuntuɓe. Saudiyya tana bin tsarin lissafin lokutan salla mai suna Ummul Ƙura: asuba tana shiga idan rana ta rage digiri 18.5 kafin ta ɓullo, isha'i kuwa ba da digiri ake fitar da ita ba, minti 90 ne bayan magariba, da azumi minti 120. In ka bar manhajar a kan tsarin Masar, mai digiri 19.5 da 17.5, za ta kira asuba kafin ladanin Harami da 'yan mintoci. La'asar ka sa ta a kan inuwar abu ta kai tsawonsa, ba ninki biyu irin na Hanafiyya ba. Agogon ma kada ka amince da na wayar, domin dattijo yakan sauka Jidda wayarsa tana kan lokacin Kano, awa 2 a baya. Kwanan wata kuma ka bar wurin ƙara kwana 1 ko ragewa, tunda ganin wata yakan saɓa wa kalanda.

Alƙibla ana auna ta zuwa Ka'aba, wadda take a digiri 21.4225 arewa, 39.8262 gabas. Wanda ya saba fuskantar gabas a gida zai ga kibiya ta nuna kudu a Madina ya ɗauka ta lalace, don haka ka rubuta masa bayani a ƙasa. Ƙarafan bene da lifta suna rikita kamfas ɗin waya. A kusa da Harami kuwa, ƙaramin kuskuren GPS ya isa ya karkatar da kibiyar, gara manhajar ta ɓoye ta, ta ce wa alhaji ya bi sahu. Don gwaji, wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 da 16 ga Yuli da 12:27 agogon Makka rana takan tsaya saitin Ka'aba, ga wanda ke nesa da Makka, duk inda ranar take nan ce alƙibla.

A Mina da Arfa layin waya yakan cushe. Komai ya zauna cikin wayar tun daga masauki: jadawalin lokuta, addu'o'i, da sautin bayani da Hausa saboda iyayenmu da ba sa karanta boko. Ka nemi izinin ƙararrawar kan lokaci a Android, in ba haka ba tsarin tsimin batir zai jinkirta kiran sallar. Cikin masallaci kuwa manhajar ta koma jijjiga kawai.

Alƙur'ani ka sa Warshu da Hafsu, amma kada ka haɗa su da lambar aya ɗaya: ƙirgar Hafsu 6236 ce, ta Warshu 6214, in ka haɗa su fassara za ta zame daga ayarta. Ka duba cewa rubutun da ka zaɓa yana fitar da ɓ, ɗ da ƙ.

Ƙirgen ɗawafi kada ka damƙa wa GPS. Maɓallin ƙara sauti ya wadatar, dannawa ɗaya duk zagaye, wayar tana cikin jaka, ta yi doguwar jijjiga a na 7.