Kurakuran da ke wargaza haɗin gwiwar masu sana'ar fata a Kano

Duk abin da sana'ar fata ke buƙata yana nan jibge a Kano. Ga majema da ke jima da bagaruwa, ga manyan kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa, ga Ƙofar Wambai inda ake sayen gam da zare da kayan haɗa takalmi, ga Kasuwar Kurmi inda kayan dukawa ke samun masu saye. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa ta daɗe da yin suna har ƙasashen waje. Amma zama kusa da juna bai sa an yi aiki tare ba, kuma yawancin yunƙurin haɗa kan masu sana'ar kan faɗi ne a wurare iri ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da ƙungiya kafin a fara da aiki. A kira taro, a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a buga katin shaida, sannan a zauna jiran tallafin gwamnati. Idan bai zo ba, sai taro ya fara ƙaranci, kowa ya koma rumfarsa yana cewa an cinye kuɗin rajista. Gyaran shi ne a nemo matsala ɗaya da ke cin aljihun kowa. Misali, masu takalma biyar ko shida su haɗa kuɗi su sari gam da kirgi a dunƙule maimakon kowa ya riƙa saye ɗai-ɗai da tsada. Idan mutum ya ga ragin da ya samu a hannunsa, ba sai an roƙe shi ya zo taro na gaba ba.

Sai kuma neman haɗa kai a kan abin da ake gasa a kai. Babu baduku da zai yarda ya bayyana masu sayen kayansa ko sabon samfurin da ya ƙirƙiro, kuma ni dai ban ga laifinsa ba, abincinsa ne. A bar wa kowa kasuwarsa. A haɗu a kan wuta, sufuri, sarin kaya, da koyar da yara.

Inda aka fi samun ɓacin rai shi ne injin haɗaka. An sayi injin rage kaurin fata ko janareta, an ajiye a shagon wanda ya fi kowa fili. Wata na farko kowa na murna. Ranar da bel ya tsinke ko mai ya ƙare, sai a rasa mai cewa nawa ne. Mai shagon ya gyara da kuɗinsa sau ɗaya, sau biyu, daga nan inji ya zama nasa a zuciyarsa, sauran kuma su ce ya ƙwace. Tun kafin a sauke injin daga mota ya kamata a rubuta komai: wa zai riƙe makulli, wa ke da wace rana, nawa za a biya a kowane aiki, nawa za a ware don gyara. Ko wanda ya fi kowa zuba kuɗi ya riƙa biyan kuɗin aiki kamar kowa. Wasu na ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Haka batun kuɗi. Kada su kwana a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. A yi wa ƙungiya rajista, a buɗe asusu da sa hannun mutum biyu ko uku, a karanta shiga da fita a gaban kowa duk wata. Dama hukumomi irin su SMEDAN, mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Bankin Masana'antu sai sun ga takardu kafin su saurari maganar rance ko horo.

Akwai kuma karɓar babbar kwangila ba tare da ma'auni ɗaya ba. A ce an samu aikin takalman 'yan makaranta, aka raba wa shaguna goma, sai lamba 38 ta wannan ta fi ta wancan girma, launin fata ma ya bambanta. Mai kaya ba zai dawo ba, kuma sunan unguwar gaba ɗaya ne ya ɓaci. A ɗinka samfuri ɗaya kowa ya gani, a sayi fatar a wuri guda, a naɗa mutum ɗaya mai ikon mayar da aikin da bai yi ba, ko da na shugaba ne. Cibiyar NILEST da ke Zariya na koyar da fasahar fata, ana iya tura matasa biyu su koyo su dawo su nuna wa saura.

A ƙarshe, kada a manta da majemi da matan da ke ɗinki da ado a cikin gida. Idan jima ba ta yi kyau ba, gwanintar baduku ba za ta hana takalmi wari ko tsagewa ba. A ba su kujera a taro, a sanya lokacin da matan za su iya zuwa ko su turo wakiliya, a kuma yanka ladan aikinsu da su a wurin.