Kurakuran da Ke Sa Makaranta Ta Rasa Amincewar Hukumomin Manhajar Ƙasa da Ƙasa

Ranar da makaranta ta samu izinin koyar da manhajar IB (International Baccalaureate, tsarin karatu na ƙasa da ƙasa) ko ta hukumar jarrabawar Cambridge, sai a kafa allo a bakin ƙofa, a buga tambari a kan takardu, kowa ya yi ajiyar zuciya. Amma izinin yana da wa'adi. Hukumar IB, wadda aka kafa a Geneva a 1968, tana sake tantance kowace makarantarta duk bayan shekara 5. CIS, ƙungiyar da ke tantance makarantun ƙasa da ƙasa, mai hedikwata a birnin Leiden na ƙasar Holan, ita ma zagayen shekara 5 take yi, ga rahoton da ake aika mata kowace shekara. Makarantun Birtaniya na ƙetare da ke bin tsarin BSO, wato tsarin binciken da gwamnatin Birtaniya ta tanadar musu, kuwa, sakamakon bincikensu shekara 3 kacal yake aiki. Yawancin ɓarnar a tsakanin ziyara da ziyara take faruwa.

Babban kuskure shi ne a naɗe hannu sai an ji ƙishin-ƙishin zuwan masu tantancewa. Daga nan sai a shiga fenti, a hana malamai barci, a cika fayil-fayil cikin 'yan makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda ake turowa galibi malamai ne da shugabannin wasu makarantu, sun san yadda aikin gaggawa yake. Mutum zai buɗe kundin dokokin makaranta ya ga duk wata ɗaya aka sa musu hannu. Zai tsayar da ɗaliba a baranda ya tambaye ta wurin wa za ta je in wani ya takura mata, ta yi shiru. Wannan shirun ya fi kowane fayil nauyi. Kuma abu na farko da tawagar ke dubawa shi ne rahoton ziyarar baya: me aka ce ku gyara, me kuka gyara? Maganin bai da wuya. A makon da rahoto ya iso, a ɗauki shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan mai ɗaukar nauyin kowace da ranar kammalawa, a mayar da su cikin ajandar taron hukumar gudanarwa kowane zango. Hujjoji kuma, irin su aikin ɗalibai da aka duba da bayanan tarurruka, a riƙa adana su tun suna sababbi.

Da wannan ake samun wani kuskuren: rubuta rahoton auna kai kamar takardar talla. Makarantar da ta ce ba ta da aibi ko ɗaya ta jawo wa kanta zargi. Wadda ta ce sakamakon lissafinta ya yi ƙasa, ga dalili, ga matakin da ta ɗauka, ita ce ake ganin tana cikin hayyacinta.

Wanda ni na fi tsoro shi ne a tara komai a kan mutum ɗaya. Kodinetan shiri ko jami'in jarrabawa shi kaɗai ya san ranakun rajista, shi ke riƙe da lambar sirri ta shiga shafin hukuma. A irin waɗannan makarantu malamai da yawa kwantiragin shekara 2 suke sa wa hannu, don haka sauyin ma'aikata ba ya yankewa. Ranar da ya tafi, ya tafi da rabin makarantar a kansa. A naɗa masa mataimaki tun yanzu, a ajiye takardu inda mutum fiye da ɗaya zai iya isa, a rubuta kalandar aikinsa. Kuɗin horo kuma kada ya zama abin da ake fara yankewa in kasafi ya matse, domin IB tana bincika ko malaman sun halarci tarurrukan bitar da ta amince da su, kuma horon malamin da ya bar aiki ba ya gadar wa wanda ya maye gurbinsa komai.

Sai koyar da tsohuwar manhaja. A bangon kowace manhajar Cambridge an rubuta shekarun jarrabawar da ta shafa, IB kuma takan sabunta jagorar darussan difloma, wato shirinta na ƙarshen sakandare, kusan duk shekara 7. Ƙwararren malami, wanda ya haddace darasinsa, shi ya fi faɗawa wannan rami, don ba ya jin bukatar sake buɗe takarda. A farkon shekara shugaban sashe ya zauna da kowane malami su tabbatar da wace manhaja ce ɗaliban bana za su rubuta.

Harkar jarrabawa ba ta son sakaci. Masu binciken Cambridge kan faɗo ba sanarwa, su duba ɗakin ajiyar takardun tambayoyi, waɗanda ke riƙe da makulli, tazarar kujeru, da yadda ake tsare ɗalibai a lokutan da aka ƙayyade don kada tambayoyi su tsallaka zuwa wata ƙasa da ba ta rubuta ba tukuna.

Akwai kuma kwafo dokoki daga wata makaranta a canza suna kawai. IB na bukatar rubutattun manufofi kan ɗaukar ɗalibai, harshe, auna fahimta, masu bukata ta musamman, da gaskiya a aikin karatu. Na ƙarshen nan ya ƙara nauyi tun 2023, lokacin da hukumar ta ce ba za ta haramta manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba, amma dole ɗalibi ya bayyana inda ya yi amfani da su. Dokar da malamai ba su sa hannu wajen rubuta ta ba, ba za su iya kare ta a gaban baƙo ba. Batun kare yara daga cin zarafi kuwa ba a yi masa sassauci, musamman tun da aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa kan lamarin a 2014: kowane ma'aikaci, har direba da mai gadi, sai an binciki tarihinsa kafin ɗauka.

Wasu kuma da bakinsu suke jawo wa kansu. Izinin difloma bai ba makaranta damar cewa sashen firamarenta ma na IB ne ba, kowane shiri da izininsa. In an sayar da makarantar, ko an buɗe sabon reshe, ko an canza shugaba, a rubuta wa hukumar da ta ba da amincewa nan take, kada ta ji a bakin iyayen yara.