Ka ajiye Ferrari a garej ba ka hawa? Ga inda kuɗin sabis ke cinye masu ita

Wanda duk ya saba da Corolla ko Camry kansa na kan kilomita, in an yi tafiya kaza sai a juye baƙin mai, in ba a yi ba a bar mota ta huta. Toh da wannan tunanin mutane ke zuwa su sayi Ferrari ko Lamborghini ko McLaren, su kulle ta a garej, a fito da ita ranar ɗaurin aure ko in an yi manyan baƙi, suna ganin tunda bata yi ko kilomita 1,000 a shekara ba ai babu abunda ya same ta. Wannan shine babban kuskuren, kuma sauran duk 'ya'yansa ne. Littafin sabis na irin waɗannan motocin abu biyu yake rubutawa, kilomita ko lokaci, wanda duk ya riga zuwa, kuma ga motar da ba a hawa kullum lokacin ne ke riga zuwa. Ko tsarin da Ferrari ta kawo a 2011 na sabis kyauta tsawon shekara 7 ga sabbin motoci haka yake, duk kilomita 20,000 ko sau ɗaya a shekara. Kamar dokin hawan Sallah ne dai, sau biyu ake hawansa a shekara amma dusa da harawa kullum sai ya ci.

Inda abun ya fi ciwo shine taimin bel. Tsofaffin Ferrari irin su 348 da F355 da Testarossa bel ɗin roba ne ke haɗa juyin sama da ƙasan injin, kuma kamfanin cewa ya yi a canza shi duk shekara 3 ko wajen kilomita 50,000, wasu makanikan da suka daɗe a harkar suna ja zuwa shekara 5, amma dai babu mai hankalin da zai ce maka ka bar shi shekara 10 saboda wai motar a tsaye take. Roba tana bushewa ko ana aiki da ita ko ba a yi, hasali ma zaman wuri ɗaya na sa ta ɗauki siffar inda ta lanƙwashe, ga boris ɗin da ke ɗaure ta shima man cikinsa na daskarewa. Ran da bel ya tsinke ko ya tsallake haƙori, fistin da bawul karo za su yi, kaga an tashi daga maganar sabis an koma buɗe injin gaba ɗaya. Abunda ke sa mutane noƙewa kuwa shine a F355 sai an sauke injin dungurungum kafin a kai ga bel ɗin, kuɗin kayan ba wani mai yawa bane, kuɗin aikin ne dubban daloli. Gyaran kuskuren nan mai sauƙi ne a faɗa: ka duba ranar da aka yi na ƙarshe a rasit, ba abunda mai sayarwa ya ce da baki ba, ka ƙirga daga nan. Kuma tunda injin na ƙasa, a yi famfon ruwa da robobin ruwa da duk wani sil da ya fara gumi a lokaci guda, don wallahi babu takaicin da ya kai a mayar da injin bayan wata uku wata 'yar roba ta fara ɗiga a sake saukewa.

Nan ma akwai wani abun da ya kamata a sani tun kafin a saya. 360 Modena da ta gaji F355 a 1999 ita ma bel gareta amma ana shiga ta wata ƙofa a bayan kujeru ba sai an sauke injin ba, F430 kuma da ta biyo baya sarƙa ce ba bel ba. Motoci uku gida ɗaya, lissafin riƙonsu ya sha bamban, amma sai kaga mutum kalar fenti kawai ya duba.

Sai masu tada mota duk Juma'a su barta tana ƙara minti biyar su kashe, wai ana ɗumama ta. Gara ma ba a tada ba. Injin sanyi na fitar da tururin ruwa, in mai bai yi zafi sosai ba ruwan nan baya ƙonewa, sai ya zauna cikin baƙin mai da cikin salansa, ga fetir da ke zurarewa ya tsinka man, ga batir da ya ba da wuta wajen tadawa bai samu ya mayar ba. In za a tada ta toh a fita da ita titi kamar rabin awa, mai ya kai zafinsa, a shiga kowace giya, a taka birki, a kunna AC ma don robobinsa su samu mai. Sau ɗaya a sati biyu ko a wata ya fi wancan ɗumamawar ta duk Juma'a. Kuma da yawa daga motocin nan tankin baƙin mai daban garesu, ana auna man ne da injin a zafi yadda littafin ya tsara, yaron gida ya zo ya zaro sanda da safe ya ga kamar babu mai ya ɗura lita biyu, shikenan an cika ya wuce ƙa'ida.

Batir kam kowa ya sani amma ana ta faɗawa. Kwamfutocin motar na shan wuta ko a kashe take, sati biyu uku ta mutu, sai a kawo wata mota a yi jam da kebul, wanda hakan na iya ƙona kwamfutar da kuɗinta ya ninka na batir sau ban san adadi ba. Ƙaramar cajar da ke riƙe batir a cike ita ce magani, irin ta CTEK, Ferrari ma tare da motar take ba da tata. A wajenmu sai an ƙara da tunanin wutar NEPA, caja a bango babu wuta kwana uku ado ce kawai, a jona ta layin inbata ko sola. Masu haɗa injin fetir da lantarki irin LaFerrari da McLaren P1 nasu ya fi tsanani, babban batir ɗin in aka bari ya sauka ƙasa ya zauna zai iya lalacewa baki ɗaya.

Taya kuma ido ke yaudarar mutane. Zanenta na nan cif kamar sabuwa, sai a ce ai da saura. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Michelin cewa take bayan shekara 5 a riƙa duba taya duk shekara, shekara 10 kuma a cire ko yaya take, wannan fa ga motar yau da kullum kenan, ba wadda ke haura kilomita 300 a awa ba. Porsche Carrera GT ɗin da ɗan wasan fim Paul Walker ya rasu a cikinta a Kalifoniya a 2013, masu bincike sun ce gudu ne sanadi, amma sun kuma rubuta cewa tayoyin sun kai shekara 9. Ga kuma taya da ta daɗe a tsaye wajen da ke ƙasa na shafewa ya zama fili, ka hau titi sitiyari na rawa. A ƙara mata iska kaɗan in za a ajiye, a riƙa gusar da motar, kar a barta a rana.

Man birki duk shekara 2, ko an taka ko ba a taka ba, domin yana tsotsar danshin iska, da damina kuwa ba sai an faɗa ba. Ruwan lagireto shima yana rasa ƙarfin hana tsatsa a injin alminiyam. Fetir in ya yi watanni a tanki yana lalacewa ya toshe nozul, kuma motocin nan mai ƙarfin oktan (ma'aunin ingancin fetir) 95 zuwa 98 suke so, wanda ba kowane gidan mai za ka samu haka ba. Akwai ma masu abun mamaki, Ferrari F40 ta Turai tankin fetir ɗinta jakar roba ce da ake canzawa duk shekara 10, McLaren 12C kuma tulunan gas ɗin da ke cikin shokinta suna sacewa a hankali da shekaru har motar ta koma tana dukan baya. Ɓera ban ma so in fara maganarsa ba, garej shiru babu motsi, wayarin mai daɗin gwaguya.

Sai wajen kuɗi. Mutum ya tara na sayen mota ya biya kwastan ya manta da na riƙo. Bugatti Veyron ce misalin da kowa ke kawowa, juyen mai kaɗai ana maganar wajen dala 20,000, saboda wuraren zubar da man har 16 ne kuma sai an kwance sassan bayan motar kafin a kai garesu, tayoyinta na Michelin da aka yi don ita kaɗai sun fi haka tsada. Ba kowace ce Veyron ba, amma tsarin ɗaya ne, akwai ƙaramin sabis na shekara akwai babba da ke zuwa bayan 'yan shekaru, wanda ya raba kuɗin babban a kan shekarun yana ajiyewa a dala ba zai ji zafi ba ranar da ya zo, wanda ya jira sai ranar kuma naira ta riga ta motsa shine ke cewa a bari sai baɗi.

Daga "a bari sai baɗi" ake faɗawa hannun makaniken da bai da kayan aikin. Ba raini bane, muna da masu hannu sosai, amma giyar F1 ta Ferrari da e-gear ta Lamborghini Gallardo da Murciélago, wato giyoyin da mota ke taka kulochi da kanta, da kwamfuta ake karanta saura nawa kulochi ya rage kuma da ita ake saita shi, faifan birkin kabon seramik kuma ana cire shi a ɗora a sikeli ne a gwada da nauyin da aka buga a jikinsa, kallon ido baya nuna komai. Ka tambayi mai gyaran wace na'ura gareshi, guda nawa irin taka ya taɓa buɗewa, daga ina zai kawo kaya, Dubai ne ko Landan, kuma sati nawa za su ɗauka don a yi odarsu kafin a kwance motar ba bayan an kwance ba. Duk aikin da aka yi a karɓi rasit mai kwanan wata da kilomita da lambar kayan da aka saka, a haɗa a fayil ɗaya. Mai saye da ya san harkar fayil ɗin zai fara nema kafin ya buɗe ƙofa, in ya ga gibin shekara huɗu babu sabis zai cire kuɗin babban sabis daga farashin, ya ƙara cire na abunda yake tsoron zai tarar a ciki.